Daga Fartanya Zuwa Tsintsiya: Abin Da Bangon Mafara, Bakura Da Maradun Ya Gani

A shekarar 2018, daga ƙarshen watan Maris zuwa Agusta, wani gidan adana kayan zane da ke birnin Landan, mai suna Design Museum, ya shirya baje koli wanda kusan duk kayan cikinsa irin abin da mu a nan muke takawa ne a titi bayan an gama zaɓe. Fostocin 'yan takara ne, da kwalayen masu zanga-zanga, da riguna, da bajoji, da zanen barkwancin da aka yi ta yawo da shi a intanet tsakanin 2008 da 2018. Sunan da suka raɗa wa taron shi ne "Hope to Nope", wato daga "fata nagari" zuwa "ba mu yarda ba". Kalmar farko an ɗauko ta ne daga fostar nan ta Barack Obama mai launin ja da shuɗi wadda Shepard Fairey ya zana a 2008, ta biyun kuwa daga masu adawa da Donald Trump. Mutane suka riƙa biyan kuɗi suna shiga kallo.

Siyasa kuwa ba ta bari an tashi lami lafiya ba. A watan Yuli gidan ya ba wani kamfanin ƙera makamai na Italiya, Leonardo, hayar zaurensa don yin liyafa. Da masu zanen suka ji labari, sai suka ce ba da su ba. Suka zo a farkon Agusta suka kwashe kusan kashi ɗaya cikin uku na kayan, aka ƙarasa kwanakin da suka rage da gurabe wayam a jikin bango.

To, a ce mu ma za mu tattara namu, me za mu rataya? Ba sai an je Legas ko Abuja nema ba. Mai karatu ya ɗauki hanyar Gusau zuwa Sakkwato, ya tsaya a Talata Mafara, ya ratse Maradun, ya leƙa Bakura. Wannan ɗan yankin kaɗai ya fitar da gwamnonin farar hula huɗu: Malam Yahaya Abdulkarim na Talata Mafara, wanda ya mulki tsohuwar Jihar Sakkwato daga 1992 zuwa 1993, Ahmad Sani Yariman Bakura, 1999 zuwa 2007, Abdul'aziz Yari na Talata Mafara, 2011 zuwa 2019, da Bello Matawalle na Maradun, 2019 zuwa 2023. Mikiya, masara, tsintsiya da lema, duk daga nan suka shiga gidan gwamnati. Kuma a kan wannan jiha ce aka yi hukuncin da ya nuna wa talaka ƙarara cewa hoton da yake dangwala wa yatsa daban, mutumin da ke bayan hoton daban.

Kunne ya riga ido

Kafin bango ya fara magana a ƙasar nan, kalangu da kotso ne suke yi. Marigayi Alhaji Musa Ɗanƙwairo haifaffen ƙasar Bakura ne, ya yi suna a fadar Sarkin Kayan Maradun, daga baya ya zama ɗaya daga cikin manyan mawaƙan Sardauna Ahmadu Bello. Sa'idu Faru kuwa mutumin Faru ne ta ƙasar Maradun, mawaƙin Sarkin Kudu Muhammadu Macciɗo, wanda ya riƙe ƙasar Talata Mafara a shekarun 1950 tun kafin ya zama Sarkin Musulmi a 1996. A wancan zamani fada da jam'iyyar gwamnati Ɗanjuma ne da Ɗanjummai. Saboda haka manomi a Bakura yakan ji sunan babban mutum da kirarinsa a bakin makaɗi, ya haddace, amma ƙila har ya mutu bai ga fuskarsa ba. Ɗan abin da ido yake samu shi ne majigi in ta zo ƙofar fada da dare, sai jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, da ƙaramar jaridar lardin Sakkwato mai suna Zaruma, wadda hukumar NORLA ta Zariya take fitarwa.

Zaɓen ranar 12 ga Disamba, 1959 shi ne ya tilasta wa 'yan siyasar Arewa neman masu zane. A da zaɓe hawa-hawa ake yi, daga unguwa zuwa gunduma zuwa lardi, ana nuna wakilai a bainar jama'a. A wannan karon sai aka ce kowane baligi namiji zai jefa ƙuri'arsa da kansa, a asirce. Mata a Arewa ba su da ƙuri'a a lokacin. Yadda aka tsara abin kuwa, kowane ɗan takara yana da akwatinsa a cikin ɗan ɗakin da aka kange, an manna alamarsa a jiki. Za a ba ka takarda, ka shiga kai kaɗai, ka jefa a akwatin da kake so. Babu mai karanta maka komai. In ba ka gane hoton ba, shi ke nan, ƙuri'arka ta tafi gidan wani.

Dubi abin da kowa ya zaɓa. NPC, Jam'iyyar Mutanen Arewa, ta ɗauki fartanya, wadda wasu ke kira hauya. Duk wanda ya ba da wannan shawara ya san aikinsa. Jam'iyyar sarakuna ce da ma'aikatan En'e, mutanen da akasarinsu rabonsu da duƙawa a kunya tun suna yara, amma ga shi sun riƙe abin da ke rataye a kafaɗar kowane talaka. NEPU ta Malam Aminu Kano, wadda aka kafa a Kano ranar 8 ga Agusta, 1950, ita da take da'awar talaka, sai ta ɗauki tauraro: abin da kowa yake gani amma hannu ba ya kai gare shi. NCNC ta Zik tana da zakara, AG ta Awolowo tana da bishiyar kwakwa. Kowace alama kuma tana tafiya da kalmarta ta baki. In an ce "Salama" ka san fartanya ce, in an ce "Sawaba" ka san tauraro ne. Maƙala bajon tauraro a ƙirji a ƙasar hakimi a shekarun nan ba ƙaramar kasada ba ce, domin 'yan NEPU da yawa sun sha ɗauri a kotunan alƙalai kan yin taro ba izini ko zargin zagin sarauta. A lardin Sakkwato sun fi samun sarari a garuruwan jirgin ƙasa irin su Gusau da Ƙauran Namoda, inda baƙi da 'yan kasuwa suka yi yawa.

Awolowo ya zo da nasa salon a wannan zaɓe: jirgi mai saukar ungulu yana sauka a ƙauyuka, ana watso takardu daga sama, har ana rubutu da hayaƙi a sararin samaniya. Jama'a sun sha kallo, amma da aka ƙirga, fartanya ce ta kwashe kujeru 134 daga cikin 174 na Arewa, tauraro ya samu 8. Shi kuma tsarin akwati barkatai yana da ɓaraka. Tunda mutum shi kaɗai yake shiga, yana iya soke takardarsa a aljihu ya fito ya sayar, wani ya tara da yawa ya shiga ya zuba a akwati ɗaya.

Gida da masara, da abin da ya faru a Bakolori

Bayan shekaru goma sha uku na mulkin soja, a 1979 aka yi zaɓe da jam'iyyu biyar da hukumar FEDECO ta yi wa rajista. Aka daina akwati barkatai, aka koma takarda mai ɗauke da alamun jam'iyyu, mutum ya dangwala yatsa a gefen wadda yake so. A wannan karon mata ma sun fito a zaɓen ƙasa baki ɗaya. Manyanmu har yau suna iya jero su kamar karatun allo: NPN gida da masara, "Aminci", PRP mabuɗi, "Nasara", GNPP ta Waziri Ibrahim zakara da kwakwa, "Adalci", UPN kyandir mai haske a kan taswirar Nijeriya, NPP hoton mutane. Lura da GNPP: ta haɗa zakaran Zik da kwakwar Awolowo na jamhuriya ta farko a wuri guda, kamar mai cewa duk wanda bai yi fartanya ba a da, ga gida. Ita ce kuwa ta zama babbar abokiyar hamayyar NPN a Jihar Sakkwato, jihar Alhaji Shehu Shagari kansa.

A ganina ba a taɓa yin alamar da ta kai ta NPN iya magana ba. Ɗan gida a tsakiya, masara a gefe. Ba ka buƙatar tafinta: wurin kwana da abin kaiwa baka. Gwamnatin ta ma yi ƙoƙarin mayar da zanen ya zama gaske, ta gina rukunin gidajen da har yau ake kira gidajen Shagari, ta kuma ƙaddamar da shirin bunƙasa noma na Green Revolution a watan Afrilun 1980.

A cikin wannan wata na Afrilu ne kuma aka yi abin da mutanen Mafara, Bakura da Maradun ba za su manta ba. Madatsar ruwa ta Bakolori, wadda kamfanin Impresit na Italiya ya gina a kan Gulbin Sakkwato aka gama a 1978, ta tashi dubban mutane daga garuruwansu a ƙasar Maradun, ruwa ya cinye gidaje da gonaki. A ƙasa kuma, inda za a yi noman rani, an hana manoma shuka damina bayan damina ana baje ƙasa da katafila ana haƙa magudanai. Diyyar da aka yi alkawari ta zo wa wasu a makare, wasu ta zo a gutsure, wasu ko ƙeyarta ba su gani ba. Masu fadama a can gaba kuma ambaliyar da suke dogara da ita don shinkafa da kamun kifi ta ja baya. Adalci shi ne a faɗa cewa aikin tun zamanin soja aka fara shi, NPN gadonsa ta yi. Amma a hannunta ƙurjin ya fashe. Manoma suka tare hanyoyin shiga wurin aikin suka ce sai an biya su. A ƙarshen watan Afrilun 1980, zamanin Gwamna Shehu Kangiwa, 'yan sandan kwantar da tarzoma suka auka wa Birnin Tudu da ƙauyukan kewaye, aka yi harbi, aka ƙona gidaje. Hukuma ta faɗi adadi kaɗan, masu bincike kuwa suka ƙirga mutum sama da 380 da suka rasu. Marigayi Dokta Yusufu Bala Usman na cikin waɗanda suka ƙi bari a binne maganar, haka ma Bjorn Beckman, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ya kuma yi rubutu a kai.

Ka ga ke nan, mutanen da aka nuna wa gida da masara a takardar zaɓe a 1979, ba a cika shekara ba wasunsu suka rasa gidan da masarar gaba ɗaya. Duk wanda zai shirya baje kolin fostocin wannan yanki, in ya rataya ta NPN bai ajiye hoton madatsar Bakolori a gefenta ba, ya ba da rabin labari. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu.

Doki da mikiya

A watan Oktoban 1989 Janar Babangida ya rushe ƙungiyoyin siyasar da 'yan ƙasa suka kafa, ya ƙirƙiro jam'iyyu biyu da kansa. Gwamnati ce ta rubuta masu manufa, ta gina masu ofisoshi iri ɗaya a ƙananan hukumomi. SDP doki, NRC mikiya. A nan ne aka zo da zaɓen layi. A zaɓen ƙananan hukumomi na Disambar 1990 da na gwamnoni na Disambar 1991, ana kafa hoton ɗan takara ko alamar jam'iyyarsa, kowa ya je ya tsaya a layin wanda yake so, a ƙirga kawuna a gaban kowa. Fosta ta tashi daga talla ta koma ita ce akwatin. Maguɗi ya yi wuya, amma asiri ya tonu: maigidanka yana kallonka, mai unguwa yana kallonka, wanda yake binka bashin taki shi ma yana kallonka. A irin wannan layi ne mikiya ta kai Malam Yahaya Abdulkarim gidan gwamnatin Sakkwato, kuma a zamaninsa aka kafa kwalejin kimiyya da fasaha ta Talata Mafara, wadda yanzu ake kira Abdu Gusau.

Zaɓen 12 ga Yuni, 1993 ya bar mana abu biyu. Na farko, taken M.K.O. Abiola shi ne "Hope 93", shekara goma sha biyar kafin Obama ya zo da tasa kalmar da Turawa suka sa a gidan tarihi. Na biyu, ranar zaɓen Abiola ya je jefa ƙuri'a sanye da babbar riga mai hoton doki, NRC ta marigayi Bashir Tofa (wanda masu karatun littattafan Hausa suka sani da alƙalaminsa) ta yi ƙorafin cewa wannan yaƙin neman zaɓe ne a rumfar zaɓe. Wato kowa ya san nauyin hoto.

Zamanin Abacha ba sai an daɗe a kansa ba. Ya ba mu Jihar Zamfara ranar 1 ga Oktoba, 1996. Jam'iyyu biyar na lokacin kuwa duk suka tsayar da shi a watan Afrilun 1998, alamunsu suka zama ado kawai. Abin da ya yi tashe shi ne bajo mai hotonsa a ƙirjin manya.

Fuska ta girma, alama ta tsuke

Da aka dawo a 1999, sai ga masara ta sake tsirowa, wannan karon a tutar APP, wadda ta koma ANPP a 2002. PDP ta ɗauki lema. Masara ta cinye Sakkwato, Kabi da Zamfara. Abin ban dariya, ƙasar nan ta gero ce da dawa, sai shinkafar Bakolori, amma masara ce ta yi ta cin zaɓe a cikinta.

Da Yariman Bakura ya ƙaddamar da shari'a a Gusau ranar 27 ga Oktoba, 1999, aka fara aiki da ita a Janairun 2000, sai hotonsa da gemu da hula ya wuce iyakar jiha, ya shiga kalandu da sitika a garuruwan Arewa. A nan fuska ta fara fin jam'iyya. 'Yan fim za su tuna cewa a daidai wannan lokaci ne aka rufe gidajen sinima a Gusau, kuma a daidai lokacin ne fostocin finafinan Hausa irin su Sangaya da Wasila suka cika shagunan aski da bayan motocin haya. Ba abin mamaki ba ne in fostar siyasa ta ɗauki kama da ta fim, domin irin shagunan ne suke yin su. Kwamfuta ta shigo, yaro ya iya CorelDraw, zai yanko hoton jaruma ya ɗora a kan furanni da safe, da rana ya tsara bangon littafin soyayya, da yamma ya goge wa ɗan takarar kansila ƙurajen fuska ya ƙara masa haske. Masu fenti da buroshi, waɗanda a da su ne ke zana alamar jam'iyya a bangon ofis da jikin mota, kasuwarsu ta ja baya. Daga baya banar roba ta zo ta ƙarasa su. Har ma an samu wanda ya tsallaka daga fostar fim zuwa ta siyasa da fuskarsa, wato Hamisu Lamiɗo Iyan-Tama, da ya nemi gwamnan Kano a 2007.

Fostar wannan zamani tana da nahawunta, kuma kowane ɗan ƙauye ya iya karanta shi. A sama, cikin 'yan da'irori, iyayen gida ne: shugaban ƙasa ko mai neman kujerar, sai gwamna, sai jagoran yanki. A tsakiya ɗan takara, ya sha babbar riga da murmushi. A can ƙasa ɗan ƙaramin hoton wanda ya ɗauki nauyi, wanda sau da yawa shi ne ainihin mai saƙon, yana so maigida ya gan shi. In aka wayi gari an cire hoton wani daga sama, to an ɓata, ko ba a faɗa a rediyo ba. Alamar jam'iyya kuwa ta koma lungu, wani lokaci ba ta fi girman kwabo ba. Akwai ma masu buga fosta ba alama sam, suna jiran su ga inda iska za ta kaɗa.

Matsalar ita ce, ranar zaɓe duk waɗannan fuskoki a waje suke tsayawa. A takardar INEC babu hoton kowa. Alamu ne kawai da gajerun sunayen jam'iyyu da harafin boko, a ƙasar da dattawa da yawa ajami suka iya. Shi ya sa ana gab da zaɓe sai ka ga an bar maganar fuska an koma koya wa mata da tsofaffi inda za su dangwala. Daga nan kalmar "sak" ta samu gindin zama tun zamanin ANPP da Buhari: kada ka wahalar da kanka, alama ɗaya daga sama har ƙasa. Da ACN mai tsintsiya, da CPC mai alƙalami, da ANPP mai masara suka narke suka zama APC a 2013, tsintsiya ce ta tsira. Yari ya shiga gidan gwamnati da masara a 2011, bayan ya kayar da Mahmud Aliyu Shinkafi wanda ya bar masara ya koma lema, ya kuma sake shiga da tsintsiya a 2015.

Ranar da aka ce tsintsiyar ba kowa a bayanta

Tun a 2007 Kotun Ƙoli ta fara nuna inda gizo yake saƙa. A Jihar Ribas, Rotimi Amaechi bai yi yaƙin neman zaɓen gwamna ba, wani ne PDP ta kai gaban jama'a. Amma kotu ta ce shi ne halattaccen ɗan takara, ƙuri'ar lema kuma ta jam'iyya ce, aka rantsar da shi. Daga baya an yi wa doka gyara a kan irin wannan. A Kogi ma, da Abubakar Audu ya rasu a 2015 ana tsakar tattara sakamako, Yahaya Bello ne ya gaji ƙuri'unsa.

Na Zamfara ya fi duka. A 2018 APC ta dare gida biyu a jihar wajen zaɓen fid da gwani, ɓangaren Gwamna Yari da ɓangaren su Sanata Kabiru Marafa. Wa'adin INEC na 7 ga Oktoba ya wuce, hukumar ta ce jam'iyyar ba ta da 'yan takara a Zamfara. Aka shiga kotuna. A rana ɗaya a watan Janairun 2019 wata kotu a Gusau ta ce an yi zaɓen fid da gwani, wata a Abuja ta goyi bayan INEC. Ana saura kwanaki kaɗan a fara zaɓe aka mayar da APC cikin takara. Ka tuna kuma irin takardar zaɓen nan ta 2019: jam'iyyu 91 ke da rajista, 73 suka tsayar da ɗan takarar shugaban ƙasa, takarda kamar zanin ɗaurawa, alamu cunkus sai ka ƙura ido. Ƙuri'a sama da miliyan 1.2 aka soke a zaɓen shugaban ƙasa kaɗai a faɗin Nijeriya.

Duk da haka mutanen Zamfara suka lalubo tsintsiya suka yi mata sak. A zaɓen gwamna na 9 ga Maris, Mukhtar Shehu Idris na APC ya samu ƙuri'a 534,541, Bello Matawalle na PDP ya samu 189,452. Sai ranar 24 ga Mayu, saura kwana biyar a yi rantsuwa, alƙalai biyar na Kotun Ƙoli suka yanke hukunci baki ɗaya, Mai Shari'a Paul Galinje ya karanta: APC ba ta yi sahihin zaɓen fid da gwani ba, saboda haka ba ta da ɗan takara, ƙuri'un da aka jefa mata kuwa asararru ne. Kujerar gwamna, da sanatoci 3, da 'yan majalisar wakilai 7, da kujeru 23 cikin 24 na majalisar jiha, duk suka koma lema. Ɗayar da ta rage ta faɗa hannun NRM ta Sanata Sa'idu Ɗansadau. Shi kansa Yari, wanda ya ci kujerar sanatan Zamfara ta Yamma, sai ya ga ta tafi hannun Lawali Hassan Anka.

Masana shari'a za su ce kotu ta yi daidai, domin jam'iyyar da ta karya dokarta ita ta ja wa kanta. Ban musa ba. Amma a tsaya a duba ta wajen matar da ta baro ƙauye a ƙasar Bakura ko Maradun, a shekarar da 'yan bindiga suka hana mutane barci har aka yi zanga-zanga da kwalaye a Abuja a watan Afrilu kan kashe-kashen Zamfara. Ta bi layi cikin rana, ta duba takardar hukuma, ta ga tsintsiya a bugu da tawadar hukuma, ta dangwala. Wa ya gaya mata cewa hoton fanko ne? Rigimar da ta kashe mata ƙuri'a an yi ta ne a ɗakunan da ba ta taɓa shiga ba. Haka ita ma wadda ta dangwala wa lema, murnarta ba ta daɗe ba. Ranar 29 ga Yuni, 2021, Matawalle ya koma APC a wani gangami a Gusau. Mutumin da ya je majalisar wakilai daga mazaɓar Bakura da Maradun da masara a 2003, ya koma da lema a 2011, ya zama gwamna da lema, yanzu ga shi riƙe da tsintsiya. Mataimakinsa, Mahdi Aliyu Gusau, ya ƙi binsa, majalisa ta tsige shi a Fabrairun 2022. Masu buga bana dai sun yi ciniki: fuskar ba ta canza ba, lungun ƙasa kawai aka gyara.

A zaɓen Maris na 2023, bayan INEC ta soke rajistar jam'iyyu 74 a 2020 takarda ta ragu, lema ta sake ci ba tare da Matawalle ba. Dauda Lawal na Gusau ya samu ƙuri'a 377,726, Matawalle ya samu 311,976. Yari kuma ya ci kujerar sanatan da ta kuɓuce masa, da tsintsiya. A zaɓen shekarar ne 'yan NNPP suka koka cewa kwandon kayan marmarinsu bai fito sosai a takarda ba, har ɓangaren Kwankwaso ya sauya alamar a 2024 zuwa littafi da hular kammala karatu.

Kayan baje kolin dai akwai su, sai dai suna watse. Gidan Arewa a Kaduna, da Gidan Mambayya a Kano, da cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato suna riƙe da takardu da hotunan zamanin su Sardauna da Malam. Sauran suna cikin adakar tsofaffi: katin jam'iyya, bajo, atamfa mai hoton ɗan takara da aka ɗinka aka sa sau biyu aka ninke. In ɗaliban kwalejin Abdu Gusau za su bi gida-gida a Mafara, Bakura da Maradun da kyamara, za su tara abin cika zaure. Na baya-bayan nan su ne suka fi saurin ɓacewa. Wanda aka yi don Facebook da WhatsApp yana tafiya da wayar da ta lalace. Fostar takarda tana ƙarewa a hannun mai ƙosai da mai tsire. Banar roba ita ce ta fi tsawon rai, domin bayan zaɓe akan rufe rumfar kasuwa da ita saboda ruwa, ko a shimfiɗa ta a ƙasa a shanya shinkafa da barkono a kan fuskar mai girma.